Dutsen da Farfesa Brakman Ya Hau Ya Yi Suna

Ranar wata Talata, gab da lokacin cin burodin rana, Femke Oosterhuis ta gano kuskuren, kuma abin da ya fara zuwa mata a rai shi ne ina ma ba ta iya Sinanci ba.

Shekararta huɗu ke nan a cibiyar nazarin tsofaffin dauloli, a kan kwantiragin wucin gadi da ake sabunta mata duk shekara. Ofishinta yana can ƙarƙashin rufi, inda sai ta sunkuya kafin ta kai ga taga. Dalili ɗaya ya sa aka ɗauke ta. A ƙofar cibiyar an rubuta cewa aikinta kwatanta daular Rum da daular Sin, tana kuma da farfesoshi shida, amma Femke kaɗai ke iya karanta Latin da tsohon Sinanci duka biyu. Masanan Rum suna hawa na farko, masanan Sin suna hawa na biyu, injin kofi yana tsakani a kan matakala. Nan ne kawai ɓangarorin biyu ke haɗuwa, kuma abin da suka fi kwatantawa shi ne wa ya sha kofi ya bar kofin bai wanke ba.

Shugaban cibiyar, Farfesa Lodewijk Brakman, dogon mutum ne mai farin gashi, wanda ba ya rabuwa da jan ƙyalle a wuya ko da rana ta buɗe. Shekara talatin da suka wuce ya rubuta littafin da ya ɗaga shi. Abin da littafin ke cewa a taƙaice shi ne: duk daular da ta faɗaɗa har sarki ya yi wa talakawa nisa, sai talakawan su mai da shi abin bauta. A kan Rum ya kawo shafi ɗari biyu na hujjoji: ɗakunan bautar da aka gina wa sarakuna, da yadda majalisar dattawa ke zama ta kaɗa ƙuri'a ta ce mamaci wane ya zama ubangiji, har da mutumin da aka samu ya rantse cewa da idonsa ya ga sarki yana hawa sama daga cikin hayaƙin ƙona gawarsa. A kan Sin kuwa shafi ɗaya da rabi ya kawo, dukansa a kan wani dutse mai rubutu na zamanin daular Han, wanda wani ɗan mishan ya fassara fiye da shekara ɗari baya. Fassarar ta ce mutanen wata gunduma sun gina wa Ɗan Sama, wato sarkinsu, ɗakin bauta tun yana raye, suna yi masa yanka. Wannan shafi ɗaya da rabin ne ya fitar da maganar daga Rum ya mai da ita ta duniya. Ɗalibai suna haddace ta don jarrabawa, suna kiranta Dokar Brakman.

A watan Yuni Farfesa zai yi ritaya. An shirya masa taron ban kwana na yini guda, za a kuma raɗa wa ɗakin taron cibiyar sunansa. Shi da kansa ya zaɓi Femke ta yi lacca a kan dutsen.

"Ki wanke mana shi, ki goge," in ji shi. "Fassarar ta tsufa. Ki kawo ta da harshen mutanen yanzu."

Sai ta rubuta wa gidan tarihin da ke ajiye da dutsen, suka aiko mata da hotonsa. Sau uku ta karanta, a na ukun tana bin kowane harafi da bakin fensir. Babu Ɗan Sama a cikin waɗanda aka yi wa yanka. Wanda aka gina wa ɗakin bautar wani ƙaramin ma'aikaci ne mai suna Meng Tao, mai kula da hanyoyin ruwa, wanda ya tara mutane suka haƙa rami mai tsawo da ya hana ambaliya cinye musu gonakin gero. Sunan sarautar sarki sau ɗaya tak ya fito, a layin farko, inda aka rubuta shekarar da aka yi aikin. Ɗan mishan ya ga kwanan wata ya zaci mai gida ne. Layin ƙarshe ma cewa ya yi Meng Tao gajere ne, mai yawan tari, kuma ba ya son a yi masa godiya.

Ta sauko da hoton a hannu zuwa ofishin Truus, sakatariyar cibiyar, wadda ta riga kowane farfesa zuwa gidan, ta kuma san wanda ya yi kuka a wane ofis da dalilinsa. Truus tana kwance takardar burodinta da cuku.

"Ke kuwa lafiya? Fuskarki kamar an sace miki keke."

Femke ta rufe ƙofa ta gaya mata komai. Truus ta saurara tana tauna.

"Wa kuma kika gaya wa?"

"Babu kowa."

"To zauna ki ci rabin burodin nan. Ba a yanke shawara da yunwa." Ta tura mata. "Kin dai tuna kin nemi gurbin da Farfesa Brakman zai bari? Kin kuma tuna su waye za su zaɓa?"

Femke ta tuna. Gurbin aiki na dindindin guda ɗaya ne zai buɗe, na farko cikin shekara tara, kuma mutum biyu ne masu faɗa a ji a kwamitin zaɓen: Brakman, da Farfesa Zwaan ta hawa na biyu.

"Amma ai dole in gaya masa," ta ce.

"Dole kam. Bari in duba littafinsa." Truus ta buɗe kundin alƙawura ta bi da yatsa. "Laraba ta sama, goma da minti ashirin. Kina da kwata, minti goma sha biyar."

Ranar Laraba Farfesa ya karɓe ta da fara'a, ya ba ta kujerar da ta fi tasa gajarta. Ta shimfiɗa hoton a teburinsa ta yi bayani layi bayan layi. Ya duƙa a kan rubutun yana gyaɗa kai kamar mai karantawa, alhali ta san ko harafi ɗaya bai sani ba.

"Abin sha'awa," ya ce da ta gama. "Abin sha'awa ƙwarai. To bari in tambaye ki. A jikin dutsen nan akwai sarki?"

"Akwai, Farfesa, amma a wurin kwanan wata."

"Akwai ke nan. Akwai ɗakin bauta?"

"Akwai."

"Akwai tumakin da aka yanka?"

"Alade ne."

"Dabba dai. To ga sarki, ga ɗakin bauta, ga yanka. Me ya ɓata?"

"Ba sarkin aka yi wa yankan ba. Mai haƙa rami aka yi wa."

"Wa ya naɗa mai haƙa ramin?"

"Gwamnan yankin, ina jin."

"Wa ya naɗa gwamnan?" Ya buɗe hannuwa yana murmushi. "Kin gani? Matsalarku ke nan ku masu harshe. Kun iya harafi, amma harafin ya tsare muku gani. Femke, ba cewa na yi ki yi ƙarya ba. Mu a gidan nan ba ma ƙarya. Cewa na yi ki ɗan ja da baya ki kalli lamarin da faɗinsa." Ya duba agogo. "Af, na karanta takardarki ta neman aiki. Ta yi kyau. Abin da kwamiti ke nema shi ne mai hangen nesa. Na faɗa musu ina ganin kina da shi."

Saura minti uku a kwatarta, amma ya riga ya miƙe.

Da yamma tana kwance sarƙar kekenta a rumfar ajiye kekuna, ana yayyafi, sai ta ji an ce daga bayanta, "Mai haƙa rami, ko?"

Farfesa Hendrikje Zwaan ce, 'yar siririyar mace cikin rigar ruwa mai ruwan ɗorawa, shugabar ɓangaren Sin. Shekara goma sha ɗaya rabon da ta yi wa Brakman magana da ta wuce gaisuwa, tun ranar da ya shiga rediyo ya kira daular Han "Rum ta gabas". Ita kuma ta rama a wata mujalla, inda ta ce lokacin da ma'aikatan Sin ke amfani da kusufin rana su ja wa sarki kunne, manyan Rum suna tsugune suna kallon ko kaji za su ci tsaba kafin a tafi yaƙi.

"Wa ya gaya miki?" in ji Femke.

"Ba wanda ya gaya mini. Na ga ambulan gidan tarihin a akwatin wasiƙu. Gajere ne, mai tari. Na san shi shekara ashirin da biyu."

Femke ta saki sarƙar ta faɗi cikin ruwa. "Shekara ashirin da biyu kina sane? Ana koya wa ɗalibai wannan abu a hawa na farko, ke kina hawa na biyu?"

"Ɗalibansa ne, ba nawa ba."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Yarinya, in ni na faɗa, hassada ce. In ke kika faɗa, ilimi ne." Ta gyara hular rigarta. "Kuma ina jiran ranar da ta dace. Ranar taron nan za a sami mutum ɗari biyu, da baƙi daga ƙasa shida, da matarsa a sahun gaba. Kada ki sassauta. Kada ki ce wataƙila. Kwamiti mai ƙarfin zuciya yake nema, na kuma faɗa musu ina ganin kina da ita."

Ta hau kekenta ta tafi, a miƙe kamar an haɗiye mata sanda.

Ranar Asabar Femke ta shiga jirgin ƙasa ta tafi arewa wurin mahaifinta. Wiebe Oosterhuis manomin shanu ne, gonarsa tana cikin kwari, ƙasa da ruwan teku da taƙi biyu, kuma rabin rayuwarsa ya yi ta ne yana share ramukan ruwa. Bai taɓa fahimtar aikin 'yarsa ba. In maƙwabta sun tambaya sai ya ce har yanzu tana makaranta. Suna zaune a kicin, shi yana shafa man shanu a burodi, ta kwashe labarin ta gaya masa, har da farfesoshin biyu da gurbin aiki. Ta ɗauka zai ce ta kama bakinta ta karɓi aikin.

"Ramin nan," ya ce, "tsawonsa nawa?"

"Baba, ba wannan ne zancen ba."

"Sun rubuta ko ba su rubuta ba?"

"Sun rubuta. Kamar daga nan zuwa coci, sau huɗu."

Ya ajiye wuƙar. "Da shebur?"

"Da shebur da kwanduna."

"Ƙasar yumɓu ce ko yashi?"

"Baba, ban sani ba!"

"Shekara nawa kina karatu, ba ki san ƙasar ba." Ya girgiza kai. Ya kalli gonarsa ta taga, inda ruwa ke kwance a layi-layi tsakanin ciyawa. "Tarin nan ma na san shi. Na tsayuwa cikin ruwa ne. Kakanki da shi ya mutu." Ya juyo. "Ni ba ruwana da farfesoshinki, su biyun duk ba wanda zan ba ajiyar ɗan maraƙi. Amma mutumin nan ya haƙa rami, mutanensa sun rubuta masa dutse, wani ya zo ya ɗauke ya ba sarki. Sarkin ya taɓa riƙe shebur? Ke kika gani, ke za ki mayar masa da kayansa."

"In na rasa aikin fa?"

"Shanu suna nan," ya ce, ya ci gaba da shafa mansa.

Duk da haka takarda biyu ta rubuta. Ɗaya cike da "ana iya cewa" da "ta wata fuskar", wadda mutum zai saurara daga farko har ƙarshe bai san ko akwai sarki a dutsen ko babu ba. Ɗayar kuma shafi huɗu ce kacal. Ta sa su duka a jaka ranar taro.

Zauren ya cika. Farfesoshi sun shigo a jere cikin baƙaƙen riguna da huluna, wani mai riƙe da sandar jami'a yana gabansu yana kaɗa ƙararrawar sandarsa. Wani baƙo daga Jamus da aka ba minti ashirin ya ci hamsin, ya ce kafin Brakman ana nazarin dauloli a cikin duhu. Wata daga Ingila ta ce ita Dokar Brakman ta gwada ta a kan dauloli bakwai, ta yi aiki a kan huɗu, sauran ukun kuma da alama ba dauloli ba ne na gaske. Wani tsohon ɗalibinsa ya ba da labarin ranar da Farfesa ya ba shi aron laima, muryarsa na rawa. Brakman yana sahun gaba kusa da matarsa, kansa a sunkuye, yana ɗaga hannu lokaci-lokaci kamar mai cewa ya isa haka, amma ba da ƙarfin da zai sa a daina ba. Farfesa Zwaan tana can gefe, hannuwa a harɗe, tana nazarin silin.

Bayan an sha kofi aka kira Femke. Ta hau, ta buɗe jaka, ta ga takardun biyu. Ba wani tunani mai zurfi ta yi ba. Ta dai lura cewa doguwar za ta ci minti ashirin da biyar, ita kuma ba ta son tsayuwar da ta kai haka. Ta zaro gajerar.

Aka haska hoton dutsen a bango. Ta karanta layin farko da Sinanci, ta fassara, ta nuna inda sunan sarautar yake, ta ce wannan kwanan wata ne. Ta karanta na biyu da na uku. Ta faɗi sunan Meng Tao, da aikinsa, da tsawon ramin, da aladen. Ta karanta maganar tarin. Sannan ta ɗaga kai.

"Saboda haka," ta ce, "a wannan dutse ba a bauta wa sarki ba. Fassarar da muka dogara da ita kuskure ce. Na duba ko akwai wani dutse na wannan zamani da zai maye gurbinsa a hujjar, ban samu ba. Na gode."

Bajamushen ya cire tabarau ya mayar. Matar Brakman ta dafa hannun mijinta. Zwaan ta sauko da idonta daga silin a hankali, kamar mai jiran a zuba mata abinci.

Sai aka ji tafi, na mutum ɗaya. Brakman ne. Ya miƙe tsaye yana tafawa, ya tako ya hau dandamali ba wanda ya kira shi, ya kama hannun Femke da hannu biyu ya girgiza, sannan ya ɗan matsar da ita gefe ya tsaya a gaban makirfo.

"Abokan aiki," ya ce, "ba kyautar da ta fi wannan. Shekaru da dama wani abu yana yi mini ƙaiƙayi game da dutsen nan. Shi ya sa na ce wa ɗalibata ta koma ta duba."

Femke ba ɗalibarsa ba ce, a wata jami'ar ta yi digirinta, amma ba a ba ta makirfo ba.

"Me muka ji yau? Mun ji cewa abin da na faɗa shekara talatin baya, na faɗe shi da tsoro. Na ce talaka yana bauta wa sarki. Ashe abin ya fi haka zurfi. Talaka yana bauta wa mulki ne a duk inda ya same shi, ko a gadon sarauta, ko a cikin rami, da shebur a hannu, yana tari! Dokar ba ta faɗi ba, abokaina. Yau ta girma."

Zauren ya ɗauki tafi. Bajamushen ya zaro alƙalami ya rubuta wani abu da sauri, daga baya aka ji shi ne ya fara cewa "Dokar Brakman ta biyu". Baturiyar Ingila ta ce wa na kusa da ita yanzu sauran dauloli ukun ma sun shiga. Tsohon ɗalibin nan mai laima ya share hawaye.

A walimar yamma ana tsaye-tsaye da kofunan giya da ƙwallayen nama soyayyu, mutane suka yi ta zuwa suna taya Femke murnar samun malami irin wannan. Zwaan ta bari sai da ta same ta ita kaɗai kusa da teburin cuku.

"Kin miƙa masa a faranti," ta ce, ba ta ko dube ta ba.

"Na faɗi abin da ke jikin dutsen, Farfesa. Ban ce wataƙila ba."

"Kin ce na gode. Kin tsaya ya kama miki hannu. Shekara ashirin da biyu ina ajiye da abin nan, kin ɓarar da shi cikin minti goma sha biyu." Ta ɗauki yankan cuku ta wuce.

Bayan mako uku Truus ta hawo har ƙarƙashin rufi, abin da ba ta taɓa yi ba saboda gwiwarta, ta zauna tana haki.

"Gara ki ji daga bakina. An ba wani Joris Vlaming gurbin."

"Wane ne shi?"

"Mai kwamfuta. Yana zuba mata fassarori, ta ƙirga sau nawa aka ce sama, sau nawa aka ce sarki, ta fito da zane mai launi."

"Ya iya Latin?"

"A'a."

"Sinanci fa?"

"Ya taɓa zuwa can hutu." Truus ta numfasa. "Ni na rubuta bayanin zaman. Brakman ya ce ba ki da hangen nesa. Zwaan ta ce ba ki da ƙarfin zuciya. Suka dubi juna, suka ce sun yarda. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa rubuta kalmar nan tsakaninsu ba. Har kofi ya zuba mata."

Femke ta fara dariya, dariyar ta juye ta koma kuka, Truus ta zauna da ita har ta gama, sannan ta taya ta neman kwalayen haɗa kayanta.

Ba ta koma wurin shanu ba. Ta sami aikin koyar da Latin a wata makarantar sakandare a arewa, tafiyar rabin sa'a daga gonar babanta. Ta rubuta maƙala a kan Meng Tao, wata ƙaramar mujalla ta buga, ta kai wa mahaifinta kwafi ɗaya. Ya karanta duka a tsaye, ya ce har yanzu ba ta faɗi irin ƙasar ba.

Wata ranar Alhamis cikin watan Oktoba, an tashi daga makaranta tana goge allo, sai ta ga jan ƙyalle a bakin ƙofa. Brakman ne, ya ɗan rame, riƙe da jakar fata. Ya ce wucewa yake yi. Ba wanda ke wucewa ta wannan gari, don titin a bakin teku ya ƙare. Ya zagaya ajin yana duba zanen taswirar Rum da yara suka yi, ya gyara wani kwanan wata da alli, sannan ya zauna a kujerar ɗalibi, gwiwoyinsa suna tokarin tebur.

"Wayata ba ta ƙara yanzu," ya ce. "Kin san ɗakin da aka sa wa sunana? Kujerun da suka karye ake tarawa a ciki." Ya murza hannun jakar. "Femke, ranar nan da kika shimfiɗa mini hoton a tebur, na kalle shi kamar yadda saniya ke kallon jarida. Shekara talatin ina magana a kan mutanen nan. Ina so in karanta ko da layi ɗaya da kaina kafin in mutu. Za ki koya mini?"

Ta dube shi. Ta shirya masa maganganu da yawa cikin watannin nan, wasu a kan keke, wasu a layin kanti, amma duk don mutum mai tsayi a bayan babban tebur ta shirya su, ba wannan da ya maƙale a kujerar yara ba.

"Alhamis, ƙarfe huɗu," ta ce. "Ka zo da littafi mai gida-gida da fensir. In ba ka yi aikin gida ba, kada ka zo."

Bai taɓa fashi ba. Sa'a biyu yake yi a jirgin ƙasa, ya zo da aikinsa a cike, kowane harafi sau hamsin, yana rubutu harshensa a waje kamar ɗan aji ɗaya. In ta ce ya goge, ya goge. Wata rana ya karanta "ruwa" da "gona" a hoton dutsen ba tare da ta nuna masa ba, ya ɗago yana dubanta da murnar da ba ta taɓa gani a fuskarsa ba duk shekarun da ta yi a cibiyar. Ta sami kanta tana sayen biskit ranar Alhamis.

A mako na bakwai, lokacin ya san harafi sittin da 'yan kai, ya shigo bai ko cire kwat ba.

"Femke, zauna. Na gano wani abu. Ina jin mutanen Sin shekara dubu biyu suna karanta harafin nan ba su lura ba." Ya zaro takarda. "Dubi. Wannan shi ne babba, mutum ya ware hannuwa. Ki ƙara masa alama ɗaya a sama, ya zama sama. Kin gani? Babban mutum, alama ɗaya, ya zama sama! Maganar gaba ɗaya tana cikin rubutunsu. Na fara rubuta wani abu, ɗan shafi arba'in. Ina so ki duba mini."

Ta karɓi takardar ta duba.

"Farfesa, a sama layi ake ja, kwance, daga nan zuwa nan. Kai ɗigo ka sa a kafaɗarsa."

"To sai me?"

"Wannan kare ka rubuta."

Ya karɓi takardar ya kai ta kusa da ido, ya nisanta ta, ya sake kawowa. Murnarsa ta koma ciki. Ya zauna a hankali. Femke har ta fara jin tausayinsa, ta miƙa hannu wajen biskit.

"Kare," ya ce a hankali. "Babban mutum, ɗigo ɗaya, ya zama kare." Sai idonsa ya fara haske. "Femke, kin san Rumawa suna yanka kare duk shekara don kada cuta ta kama musu alkama?"

Ya laluba aljihu ya fito da alƙalami. Ta tashi ta je ta ɗora ruwan shayi.